Yadda za ka gwada sabuwar laftof tun a shago, kafin kuɗinka ya bar hannunka

Bara waccan na raka ƙanena ya sayi laftof don aikin haɗa bidiyon biki. Kwali a rufe, leda ba a ɓare ba, ga tambarin i7 yana ƙyalli, ga na NVIDIA kore shar a gefensa. Mai shago ya kunna mana ita a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ta buɗe kamar ƙiftawar ido, muka biya muka fito muna washe baki. Da zafin Afrilu ya kankama, a ɗakinsa mai rufin kwano, minti goma sha biyar da fara fitar da bidiyo sai fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe, gudun ya koma na hawainiya. Kafin shekara ta zagayo hinjin hagu ya ɓalle daga jikin roba. Ba a yi mana ƙarya ko ɗaya ba. Mu ne muka tsaya karanta tambari, ba mu sa ta aiki ta ɗauki zafi a gabanmu ba.

Duk abin da zan lissafa a nan ba zai ci maka fiye da awa ɗaya a shago ba, sai ɗan shiri a gida.

Tun a gida: rubuta aikinka, sannan ka nemi cikakkiyar lamba

Ɗauki takarda ka rubuta manhajoji uku da za ka fi buɗewa. Mai Word da Excel da kallon darasi a intanet bukatarsa daban, mai CorelDRAW da Photoshop daban, mai Premiere Pro ko Revit ko Blender ko wasan ƙwallo na zamani shi ma daban. Wannan takardar ce za ta riƙe ka idan yaron shago ya fara yi maka daɗin baki.

Daga nan ka daina yarda da “ai i7 ce”. Sunan dangin firosesa ne kawai, wato injin lissafin kwamfutar, kamar a ce maka mota Toyota ce ba a faɗi wacce ba. Core i7-7500U ta 2016 ce, ƙwaƙwalwar aiki biyu gare ta, kuma ba ta cikin waɗanda Microsoft ta amince su ɗauki Windows 11. Core i5-12450H ta 2022 tana da takwas, ta yi mata fintinkau duk da sunanta i5. Lambobin farko bayan ɗan layin nan su ne ke nuna zamanin firosesa, harafin ƙarshe kuma halinta: U mai tattalin batir ce, H da HX masu ƙarfi ne masu cin wuta da fitar da zafi. A ɓangaren AMD ma akwai irin wannan tarko a jerin 7000, inda lamba ta uku ce ke faɗin ainihin ƙirar. Ryzen 5 7520U tsohuwar ƙirar Zen 2 ce aka sa wa sabon suna, 7640U kuwa Zen 4 ce. A kan kwali kamar wa da ƙani, a wajen aiki ko kusa.

Ka zuba waɗannan manhajojin gwaji a filashi kafin ka fita, don kada ka dogara da datar shago: CrystalDiskInfo, HWiNFO, GPU-Z, Cinebench da Unigine Superposition. Duk kyauta ake sauke su. Ƙara da hotuna biyar masu launi ɗaya tal (fari, baƙi, ja, kore, shuɗi), da wani aikinka na gaske, ko bidiyon da ka taɓa haɗawa ko zanen gini mai nauyi.

Shin sabuwa ce dal?

Ko a Farm Centre ta Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, za ka tarar da sababbi, da na hannu, da waɗanda kamfani ya gyara ya mayar kwali, duk a jere. Babu aibu a sayen ta hannu in an faɗa maka, kuma farashin ya nuna haka. Abin gudu shi ne ka biya kuɗin sabuwa ka tafi da tsohuwa.

Juya ta ka karanta lambar da ke ƙasa. Dell na kiran tata Service Tag, haruffa da lambobi bakwai. HP da Lenovo lambar siriyal suke sawa. Ta zo daidai da ta jikin kwali, ta kuma zo daidai da wadda ke cikin BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya buɗe. Shiga shafin kamfanin da wayarka ka zuba lambar, zai nuna maka ranar da garanti ya fara da ranar ƙarewarsa. Idan garantin ya ci wata takwas alhali ana ce maka jiya aka sauke ta, tambaya ta kama.

Sai ka buɗe CrystalDiskInfo ka duba Power On Hours, wato awannin da ma'ajiyar ta yi a kunne. Sabuwa ba ta wuce 'yan awanni na gwajin masana'anta. In ka ga ɗaruruwa, an mora. Amma ana iya sa sabuwar ma'ajiya (SSD) a tsohon jiki, don haka ka tambayi batir ma. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto ya nuna inda yake. Lambobi biyu za ka kwatanta: Design Capacity, abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yanzu. A sabuwa kusan ɗaya suke. In na biyun ya faɗi da kashi 15 ko 20 cikin 100, batirin ya sha aiki ko ya daɗe a ajiye cikin zafi.

Akwai kuma gwajin da kamfanonin suka dasa a ciki. A Dell danna F12 lokacin kunnawa ka zaɓi Diagnostics, a HP F2, a ThinkPad F10. Bar shi yana yi kana duba jiki.

Ƙarko: a nan hannu ya fi ido

Fara da hinji, don shi ne ke fara kashe laftof masu araha. Ajiye ta a tebur ka ɗaga murfin daga tsakiya da yatsa ɗaya. Mai kyau za ta buɗe sumul, gindin bai biyo murfin ba. In sai ka danne ƙasa da ɗaya hannun ka ja da ƙarfi, hinjin ya yi tauri, kuma duk buɗewa ƙarfin nan yana sauka ne a kan 'yan ƙananan sukurori da aka dasa cikin roba. Buɗe ka rufe sau goma kana kallon kusurwoyin nan biyu na ƙasan sikirin. Ka ga robar tana ɗagawa ko tana buɗe baki, ko ka ji ƙas-ƙas, to ka ga abin da zai faru nan da shekara. Irin wannan ne ya kama ta ƙanena, kuma da mun duba da mun gani.

Riƙe kusurwoyin murfin biyu na sama ka ɗan murɗa a hankali, ba da mugunta ba. Ɗan lanƙwasa ba komai, amma in launi ya yi ta malala a sikirin kamar an taɓa ruwa, murfin ba zai kare gilashin ba ranar da aka matse jakarka a Keke Napep. Danna tsakiyar kibod, wajen G da H, ka ga ko yana nutsewa. Ɗauke ta da hannu ɗaya ta kusurwar gaba ka saurara.

Jiki na ƙarfen alminiyam ko magniziyam ya fi, amma kada azurfar fenti ta ruɗe ka, roba da yawa ana yi mata launin ƙarfe. Taɓa da bayan hannu: ƙarfe sanyi yake yi. Roba mai kauri da aka ƙarfafa ta ciki kuma ta fi siririn ƙarfe na ado. Shi ya sa ni dai na fi karkata ga layin da aka yi don ma'aikatu, irin ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, da EliteBook ko ProBook na HP. Ba su cika kyau ba, wasu ma kamar bulo, amma an ƙera su ne don a buɗe a gyara, kuma kayansu na samuwa a kasuwanninmu.

Za ka ga wasu an rubuta MIL-STD-810H. Tsarin gwaji ne na sojojin Amurka, na jure zafi, ƙura, girgiza da faɗuwa. Alama ce mai kyau, amma kamfani ne ke zaɓar waɗanda zai yi daga cikin gwaje-gwajen, don haka ba lasisin sakin ta daga kan benci ba ne.

Yanzu juya ta ka kalli kafofin iska. Mu da muke da ƙurar hunturu wata uku zuwa huɗu, da zafin da ke haura digiri 40 a bazara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta ina take shaƙa, ta ina take fitarwa? In duk ta ƙasa take shaƙa, ɗora ta a katifa ko darduma shaƙe ta ne. Dubi sukurorin murfin ƙasa: in na yau da kullum ne, duk mai gyara zai buɗe ya kakkaɓe fanka cikin minti goma. Tambayi kuma ko ram ɗin a manne yake da bod ko akwai gurbin ƙari. Task Manager, a shafin Memory, yakan nuna guraben da aka yi amfani da su, kodayake takardar bayanan kamfanin ta fi shi gaskiya. Laftof mai 8GB a manne babu gurbi, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. MacBook ma haka take, abin da ka zaɓa ranar saye shi ke nan.

Kafofin USB da na caja, soka wani abu a kowacce ka ɗan girgiza. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli. Minti biyu ne.

Ƙarfin hoto, inda aka fi cin kuɗin mutane

Iri biyu ne. Akwai girafik da ke cikin firosesa, irin Intel UHD, Iris Xe, Arc, ko Radeon 680M da 780M na AMD, wanda ke aron ram ɗin kwamfutar. Akwai kuma kati mai zaman kansa da ma'ajiyarsa, irin GeForce RTX. Mai aikin ofis, ɗalibi, har mai CorelDRAW da ɗan CapCut, na cikin firosesa na zamani ya ishe shi, kuma zai more batir da rashin nauyi. Kada ka biya kuɗin kati don kawai a ce kana da shi. Zafi da nauyi da katuwar caja za ka saya.

In na cikin firosesa za ka ɗauka, abu ɗaya za ka tabbatar: ram ya kasance layi biyu. Sanda biyu na 8GB sun fi sanda ɗaya na 16GB ga hoto, saboda hanyar da bayanai ke bi ta ninka. Intel da kanta ta ce sai da layi biyu Iris Xe ke aiki a matsayin Iris Xe, in ba haka ba UHD ce. HWiNFO zai nuna maka ko Single ne ko Dual. Sau da yawa ƙara sanda ɗaya shi ne gyara mafi araha da za ka yi wa sabuwar laftof.

In kuwa kati kake bukata, suna bai isa ba, sai ka san wat nawa aka ba shi. NVIDIA ta bar wa masu ƙera laftof su saita RTX 4060 daga wat 35 har 115, wasu da ƙarin da ke kai shi 140. Laftof biyu, tambari iri ɗaya, ɗaya siririya an shaƙe katinta a wat 45 don kada ta ƙone, ɗaya mai kauri da fanka biyu tana ba shi fiye da 100. Ba aiki ɗaya za su yi ba, har RTX 4050 da aka sake wa mara tana iya kamo 4060 da aka ɗaure. Ba a cika rubuta wannan a kwali ba. Buɗe NVIDIA Control Panel, shiga System Information, nemi Maximum Graphics Power. Ga lambar nan ƙuru-ƙuru.

Sai ma'ajiyar katin. RTX 3050 ta laftof yawanci 4GB ce, akwai mai 6GB. 4050 na da 6GB. 4060 da 4070 na da 8GB. Ga mai bidiyon 4K ko Blender ko sababbin wasanni, 4GB ta yi kaɗan yau, 6GB ana maneji, 8GB ce ƙasan kwanciyar hankali. Ita ba a ƙara ta daga baya. Kuma ka kula da wata dabara: wani zai nuna maka babbar lamba a Task Manager ya ce “ga girafik 12GB”. Wannan jimla ce da aron ram. Layin Dedicated GPU memory kaɗai ne naka, GPU-Z ma zai tabbatar.

To, ga gwajin da ya fi duk sauran. Jona caja, sa Windows a yanayin ƙarfi mafi girma, buɗe HWiNFO a shafin Sensors, sannan ka saki Superposition. Rubuta makin da ta samu a zagayen farko. Maimaita, ka sake maimaitawa, har minti ashirin zuwa talatin ba hutu. Kowace laftof jaruma ce a minti biyun farko, tun ƙarfen sanyayawa bai ɗumama ba. Makin zagaye na biyar shi ne laftof ɗin da za ka zauna da ita. In ya yi kusa da na farko, madalla. In ya zube da kashi ɗaya cikin biyar, tana rage gudu ne don ta tsira daga zafi. Yi wa firosesa irin wannan da Cinebench na minti goma.

Kana yi kana kallon awon zafi. Firosesocin Intel na laftof iyakarsu wajen digiri 100 ne, katin NVIDIA kuma yakan fara ja da baya a wajen 87. Taɓa 90 na ɗan lokaci ba abin tsoro ba ne a laftof mai ƙarfi. Amma in ta lafe a iyaka, layin Thermal Throttling, wato rage gudu saboda zafi, yana ta nuna Yes, alhali kuna cikin sanyin shago, ka ƙiyasta yadda za ta yi a ɗakinka da rana tsaka an ɗauke wuta. In mai shago mai sauƙin kai ne, roƙe shi ku koma bakin ƙofa inda sanyin bai kai ba. Ɗora tafin hannunka a kan kibod da inda wuyan hannu ke zama. Kasa kunne ga fanka: huci ba laifi, amma ƙara mai kaifi ko karkarwa a sabuwar na'ura ba alheri ba ne.

Kafin ka rufe, zare cajar ana tsakiyar gwaji. Gudun zai faɗi, haka aka yi su, batir ba ya iya ciyar da kati cikakken ƙarfi. Amma gara ka ga girman faɗuwar da idonka, tunda rabin aikinmu babu wuta muke yin sa. Daga ƙarshe buɗe aikin nan naka na filashi ka fitar da shi kana duba agogo. Wannan lissafin ya fi kowane maki, don shi ne abincinka.

Wani mai shagon zai ce ba a buɗe sabuwa sai an biya. Yana da hujja, kwali in an ɓare darajarsa ta ragu. Ku yi yarjejeniya: ka biya, a buɗe a gabanka, a yi gwajin nan take, in an sami matsala a canza ko a mayar da kuɗi, kuma a rubuta haka. Wanda ya ƙi wannan ma, cinikin biri a sama yake so ku yi, shago kuma ba shi kaɗai ba ne a layin.

Sikirin

Nan kamfanoni ke rage kuɗi a ɓoye. Kada ka karɓi 1366x768 a sabuwar laftof, 1920x1080 ne mafi ƙanƙanta. Kalle shi daga gefe da sama. In fuskar mutum ta koma kamar tsohon nagetif, nau'in TN ne, nemi IPS. Mai aikin launi ya duba takardar bayanai: 45% NTSC na nufin launuka a koɗe, jan da ka zaɓa ba shi zai fito a wajen buga allon talla ba. Nemi 100% sRGB. Haske kuma da nit ake auna shi: 250 na cikin ɗaki ne, mai zama a rumfa ko baranda ya nemi 300 zuwa sama. Buɗe hotunan nan biyar ɗaya bayan ɗaya su cika fuska, ka nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi ɗaya.

Ko ta ci kuɗinta?

Kada ka kwatanta farashi da farashi, raba shi da shekarun da kake sa ran za ta yi. A ce, don misali kawai, ɗaya naira 600,000 ce amma jikinta da ram ɗinta na manne ba za su kai ka fiye da shekara biyu ba, ɗaya kuma 900,000 ce za ta yi biyar. Ta farko 300,000 take ci a shekara, ta biyu 180,000. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Ƙara abin da za ka kashe a makon farko. In sai ka sayi ram, ka canza ma'ajiya daga 256GB zuwa 512GB, to wannan ma cikin farashi yake. Mai ƙaramin firosesa Celeron da ma'ajiyar eMMC 64GB kuwa, ko sabuwa ce fil, Windows kaɗai zai cinye mata wuri. Tsohuwar ThinkPad ko Latitude mai tsabta, daga zamani na 8 na Intel zuwa sama, ta fi ta nesa ba kusa ba. Na ce na 8 ne saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga zamani na 8 ya fara karɓa, tare da sharaɗin na'urar tsaro ta TPM 2.0.

Karanta jikin cajar ma. Ƙaramar laftof wat 45 zuwa 65 take ja, in tana caji ta USB-C har babban fawa-bank mai wat 65 zai ɗauke ta. Ta wasa kuwa cajarta 150 zuwa 240 ce, wadda ƙaramin sola na gida zai ji a jikinsa. Girman batir da Wh ake auna shi: 41 ƙarami ne, 55 zuwa 70 ya yi, ba kuma za ka ga wanda ya wuce 100 ba, don nan ne iyakar da jiragen sama ke bari a shiga da shi ba tare da izini ba. “Tana awa goma” magana ce ta baki.

Kafin ka biya, leƙa wajen masu gyara a kasuwar ka faɗa musu lambar samfurin. Akwai sikirinta? Batir fa, da kibod, nawa? Su ne suka san wadda ke yawan zuwa teburinsu da karyayyen hinji, kuma ba su da abin da za su sayar maka. Tambayi mai shago garantin na waye, na kamfani ko nasa, kuma in na kamfani ne ko yana aiki a ƙasar nan, domin wadda aka shigo da ita daga Amurka ko Dubai garantinta na iya tsayawa can.

A rasit a rubuta cikakken sunan samfuri, lambar siriyal, girman ram da ma'ajiya, kwanan wata, da kwanakin da aka ba ka na mayarwa. Ɗauki hotonsa da waya, tawadar irin wannan takarda ba ta daɗewa. Kada ka yar da kwalin sai kwanakin sun cika, kuma a cikinsu ka ba ta aiki mafi nauyi da kake da shi, a ɗakinka, da rana. In ta tsallake, shiga manhajar kamfanin, Lenovo Vantage ko MyASUS ko makamancinsu, ka kunna iyakance caji yadda batir zai riƙa tsayawa a wajen kashi 80 in kana yawan barin ta a jone. Samo abin ɗora ta da zai ɗaga gindinta daga tebur, ka jona cajar ta soket mai kariyar hawan wuta ba kai tsaye daga janareta ba, sannan ka sa a ranka cewa duk ƙarshen hunturu za ka kai a buɗe ta a hure ƙurar fanka.